Yadda ake shagaltar da ƙananan yara da manhajojin kwamfuta a doguwar tafiya

Zama wuri guda ba ɗabi'ar ɗan shekara uku ko biyar ba ce. Idan aka ɗaure shi da bel a kujerar mota har awa shida, ko aka zaunar da shi a filin jirgi ana jiran jirgin da ya yi jinkiri, rigimar da zai yi gajiya ce da ƙosawa, kuma yana da gaskiyarsa. Kwamfutar hannu ko ta tafi-da-gidanka na iya rage wannan wahala ƙwarai, ga yaron da iyayensa, har ma da sauran fasinjoji. Amma fa sai an shirya ta. Sau da yawa idan iyaye suka ce sun gwada abin bai yi ba, za a tarar a bakin ƙofa suka tuna, suka sauke wasa biyu a gurguje, sai da aka yi nisa aka gano wasan ba ya buɗewa sai da intanet. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan dukan aikin nan a gida ake yin sa, kwana biyu ko uku kafin a tashi.

Mataki na 1: Ku fara duba shekarun yaron

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon na'ura, sannan daga shekara 2 zuwa 4 kada a wuce awa ɗaya a rana. A ganina ranar tafiya rana ce ta daban, kuma idan ɗan shekara huɗu ya zarce awa ɗaya a ranar da zai wuni a hanya, ba abin tayar da hankali ba ne. Amma jariri a bar shi. Ba ya gane abin da ke gudana a allon, abin da yake so shi ne fuskar mahaifiyarsa, da waƙa, da abin da zai riƙe a hannu, da barci. Duk abin da ke tafe a nan na yara ne daga shekara biyu zuwa wajen takwas.

Mataki na 2: Ku ware na'urar da za a ba shi

Kada ta zama wayar da kuke amfani da ita. A cikinta tikitinku yake, da taswirar hanya, da manhajar banki, kuma da ita za ku kira taimako idan mota ta lalace. Idan yaro ya ƙarar da cajinta, ko ya yar da ita, ku ne a ciki. Tsohuwar waya ko tsohuwar kwamfutar hannu da ke kwance a gida ta wadatar, don manhajojin da zan ambata ba sa buƙatar na'ura mai ƙarfi. A sa mata riga mai kauri ta roba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi dacewa da jirgin ƙasa ko na sama, inda akwai ɗan teburi, da kuma masauki. A mota ba ta dace ba sam, zan kawo dalili a gaba. Idan ita za ku ɗauka, ku haɗa da ƙaramin linzami, domin yatsun ƙaramin yaro ba su iya sarrafa wurin shafawar nan na jikin kwamfutar ba.

Mataki na 3: Zaɓen manhaja

Nan ne ya kamata ku ɓata lokaci. Ina auna kowace manhaja da tambayoyi uku. Tana aiki ba intanet? Babu talla a cikinta, babu sayayya? Yaron zai yi wani abu da hannunsa, ko kallo kawai zai zauna yi? Ta ukun ita ake yawan mantawa, alhali ita ce ke bambanta yaron da zai ajiye na'ura cikin natsuwa da wanda zai fashe da kuka idan an karɓa. Bidiyon da ke bin bidiyo ba shi da ƙarshe, shi ya sa raba yaro da shi ke da wuya. Zane kuwa ana gama shi, a nuna wa Mama ko Baba, a yaba.

GCompris ita ce ta farko da nake ba da shawara. Wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ne ya fara ta a shekarar 2000, yanzu kuma tana ƙarƙashin KDE, ƙungiyar masu ƙirƙirar manhajojin kyauta. Kyauta ce, ba talla, kuma an yi ta ne don yara daga shekara 2 zuwa 10. A cikinta akwai ayyuka sama da 100: koyon danna linzami, ƙirga, gane launuka, wasan tuna inda hoto yake, haɗa gutsattsarin hoto, taswirar ƙasashe, har da dara irin ta Turai ga waɗanda suka ɗan tasa. Tana aiki a Windows da Linux da Android. Kowane aiki yana da taurari masu nuna wahalarsa, kuma a cikin saiti za ku iya ɓoye masu wuya. Ku yi hakan. Ɗan shekara uku da ya faɗa wasan lissafin 'yan shekara tara zai ƙosa nan take, ya ce manhajar ba daɗi.

Ta biyu ita ce Tux Paint, manhajar zane da Bill Kendrick ya fitar a 2002 don yara daga shekara 3 zuwa 12. Maɓallanta manya ne, kowane goga yana da sautinsa, akwai kuma kayan sihiri da ke mayar da layi ya zama bakan gizo ko ciyawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yaro ba ya buƙatar sanin sunan fayil ko inda za a ajiye shi. Ya danna ajiyewa kawai, zanen ya shiga jerin ƙananan hotunan da zai iya buɗewa da kansa. Hotunan dabbobi da motoci da furanni da ake mannawa a zane, a kwamfuta daban ake sauke su, don haka kada ku manta da su, su ne rabin daɗin manhajar.

Ga ɗan shekara 5 zuwa 7 akwai ScratchJr, wadda ta fito a 2014 daga haɗin gwiwar masana a jami'ar Tufts da cibiyar MIT a Amurka. Yaro yana jera tubala masu alamomi, ba sai ya iya karatu ba, sai kyanwar da ke allon ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta yi magana da muryar da shi ya naɗa. Ku ba shi aiki mai alaƙa da tafiyar: ya sa mota ta ratsa allon, ta tsaya, fasinja ya sauka. Yaro mai son irin wannan zai iya shafe lokaci mai tsawo yana gyarawa yana sake gwadawa. Idan ya haura takwas, babbar yayarta Scratch tana da nau'in da ake sakawa a kwamfuta a yi aiki ba intanet.

Khan Academy Kids ma kyauta ce ba talla, ta yara daga shekara 2 zuwa 8, da littattafai da waƙoƙi da wasanni. Sai dai da Turanci take magana, kuma ba komai nata ke aiki ba intanet ba, sai abin da aka sauke tun da wuri.

Kada ku raina manhajojin da suka zo da na'urar. Kyamara kaɗai abin wasa ce babba: a ce wa yaro ya ɗauko hoton jan abu biyar, ko duk gadar da aka wuce. Manhajar naɗar murya kuma ta fi komai amfani a wurina. Ku zauna da dare ku naɗi tatsuniya uku ko huɗu da muryarku, cikin harshen da yaron ke ji a gida, ko ku roƙi kakarsa ta naɗa. Za ku ga ranarsu idan aka zo batun jiri.

Bidiyo yana da wurinsa, ban hana ba. Ku zaɓi kaɗan da kanku, ku kalla tukuna, ku ajiye su a matsayin makamin ƙarshe na lokacin da kowa ya gaji. Manhajar VLC tana buɗe kusan kowane irin fayil na bidiyo ko sauti ba tare da intanet ba.

Manhaja huɗu ko biyar sun isa. Idan suka kai ashirin, yaro zai yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan bai zauna a ko ɗaya ba.

Mataki na 4: Ku gwada komai kamar kuna kan hanya

Wannan matakin shi ne zuciyar shirin. Bayan kun sauke komai, ku bar na'urar ta gama duk sabuntawar da take son yi, sannan ku dakatar da sabuntawa ta kai tsaye, musamman a Windows, don kada ta zaɓi tsakiyar tafiya ta ce a jira ta. Daga nan ku buɗe kowace manhaja sau ɗaya da intanet a kunne. Dalili kuwa, da yawa sai a buɗewar farko suke ɗauko sauran kayansu. GCompris, alal misali, a lokacin take neman izinin sauke muryoyi da ƙarin hotuna, kuma idan babu muryoyin, yaron da bai iya karatu ba ba zai ji umarnin wasa ba.

Sai ku sa na'urar a yanayin jirgi, wato saitin da ke katse mata sadarwa, ku tabbata Wi-Fi a kashe yake, ku kashe ta gaba ɗaya ku sake kunnawa. Yanzu ku bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Kada ku tsaya a shafin farko, ku shiga ciki, ku buga mataki biyu ko uku, ku kunna kowane bidiyo ku ja shi zuwa tsakiya. Duk wadda ta nemi intanet, ko ta nuna akwatin saye, a cire ta ba tare da wani ja-in-ja ba. Idan daga manhajojin kallon fina-finai kuka sauke wani abu, ku sani yana da wa'adi. A Netflix wasu suna ƙarewa awa 48 bayan an fara kallon su, saboda haka kada ku kunna waɗannan tun da wuri, ku dai duba ranar ƙarewarsu.

Bayan naku gwajin, sai na yaron. Ku zauna da shi minti goma sha biyar a kan kowace manhaja ya san inda ake dannawa. Yaron da bai san manhaja ba zai yi ta kira kowane minti, kuma mai tuƙi ba shi da halin waiwayowa. Amma ku ɓoye guda ɗaya da bai taɓa gani ba, mai sauƙi, don lokacin da tafiya ta yi tsami.

Mataki na 5: Ku kulle ƙofofi

Yaro ba ya nufin ɓarna, amma yatsansa zai kai inda ba ku zata ba: ya goge hotuna, ya sauya harshen na'ura, ya aika saƙo. A iPad da iPhone akwai Guided Access, ana kunna shi a sashen Accessibility na saiti, a sa lambar sirri. Idan aka buɗe manhajar da ake so, sai a danna maɓallin gefe ko na gida sau uku, shi ke nan yaro ba zai iya fita daga cikinta ba. A nan ma ana iya sa iyakar lokaci. A Android irin wannan ana kiran sa App pinning ko Screen pinning, yawanci a sashen tsaro yake, kuma dole ku kunna zaɓin neman lambar sirri kafin a cire, in ba haka ba yaro mai wayo zai gano hanyar fita.

A kwamfutar tafi-da-gidanka ku buɗe wa yaron nasa asusun daban, marar ikon saka manhaja ko sauya saiti, ku jera manhajojinsa a fuskar farko. Tux Paint tana zuwa da wata 'yar manhaja ta saiti inda iyaye za su sa ta cika allo, su ɓoye maɓallin fita, su kashe na buga takarda. Idan kwamfutar aikinku ce, ku kwafi muhimman takardunku zuwa wani wuri kafin tafiya, don ruwa yana zubewa.

Masu amfani da Family Link, manhajar Google da iyaye ke sa ido kan na'urar yara da ita, su duba iyakar lokacin da suka sa ta yau da kullum. Idan awa ɗaya ce, na'urar za ta kulle kanta a tsakiyar hanya. Ku daidaita ta tun a gida inda akwai intanet. Kuma ku cire katin banki daga asusun da ke kan na'urar.

Mataki na 6: Kunne

Ba wanda ke son jin sautin wasan yaron wani na tsawon awa uku, don haka hedifon dole ne a jirgi ko bas. Ku nemi na yara mai rufe kunne, wanda aka ƙayyade ƙararsa. Yawancinsu a desibel 85 suke tsayawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), amma ku san wannan iyaka ce ta sama. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da hukumar sadarwa ta ITU a 2019 ya sa wa yara desibel 75 na tsawon awa 40 a mako. A cikin jirgi ƙarar inji takan sa yaro ya yi ta ƙara sauti, kuma lalacewar ji ba ta nuna kanta a ranar. Gwaji mai sauƙi: ku yi masa magana da murya ta yau da kullum daga nisan hannu. Idan bai ji ba, sautin ya yi yawa. Ga ɗan shekara biyu ko uku, ku kula da wayar hedifon kada ta naɗe masa wuya, ku cire masa idan barci ya ɗauke shi. Ku kuma duba tun a gida ko na'urar tana da ramin da za a soka shi, don sababbi da yawa ba su da shi.

Mataki na 7: Caji

Hasken allo shi ya fi cin batir, don haka a rage shi zuwa rabi, a bar na'urar a yanayin jirgi. Ku tafi da fawa banki da wayar caji biyu. Idan jirgin sama za ku hau, fawa banki a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi a kayan da za a auna. Wh da mAh ma'aunai ne na yawan wutar da batir ke ɗauka: wanda bai wuce Wh 100 ba ana wucewa da shi ba tare da neman izini ba, kuma mai mAh 20,000 kusan Wh 74 ne. Wasu kamfanonin jirgi sun hana amfani da shi a cikin jirgi ko da an yarda a shiga da shi, saboda haka ku karanta ƙa'idar naku, ku cika cajin na'urar kafin a kira shiga. Zafi ma abokin gaba ne. Apple na cewa a yi amfani da na'urorinsa tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, kuma cikin motar da aka ajiye a rana yana wuce haka nesa ba kusa ba. Idan kun tsaya hutawa, ku fita da ita.

Mataki na 8: A kan hanya

Kada ku miƙa na'urar da zarar an tashi. A farkon tafiya yaro yana da ɗoki, taga kaɗai ta ishe shi. Ku bari sai ƙosawa ta fara, sannan ku ba shi na minti 20 zuwa 30, a huta, a yi hira ko waƙa ko ƙirga motoci, a sake komawa. Likitocin ido suna ba da shawarar cewa bayan kowane minti 20 a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ga yaro ba sai kun yi masa bayani ba, ku ce kawai, "Leƙa ka gaya mini me ka hango can."

Batun jiri kuwa a ɗauke shi da muhimmanci, don ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Abin da ke faruwa shi ne ido yana kallon allon da ba ya motsi, alhali sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana jin mota tana lanƙwasa tana tsalle. Saƙonni biyu suka saɓa, sai tashin zuciya ya biyo. Ƙaramin yaro ba zai ce yana jin jiri ba. Za ku ga ya yi shiru ba dalili, yana hamma, yana gumi, fuskarsa ta sauya. Da kun ga haka, ku karɓi na'urar, ku buɗe taga iska ta shigo, ya kalli gaba can nesa, in da hali a tsaya. A nan ne tatsuniyoyin da kuka naɗa za su yi aiki: allo a kashe, kunne yana saurare, ido yana waje. Yaron da kuka san mota tana sa shi amai, kada ma a fara ba shi allo a mota, sauti kawai. A hanya mai yawan kwana ma haka, ko da yaron bai saba yin jiri ba.

Idan za a kalla a mota, a maƙala kwamfutar hannu a bayan matashin kujerar gaba da abin riƙewa mai ƙarfi, daidai tsayin idon yaro, don sunkuyar da kai yana ƙara jiri. Kwamfutar tafi-da-gidanka a cinya kuwa haɗari ce. Idan aka taka birki da ƙarfi, abu mai nauyin kilo biyu zai tashi ya bugi wanda ke gabansa. A jirgin sama ma za a ce ku ajiye ta lokacin tashi da sauka, don haka ku tanadi wani abin da zai riƙe yaron a waɗannan mintunan.

Karɓar na'ura ita ce inda ake yawan ɓatawa. Kada ku fizge. Ƙaramin yaro bai san tsawon minti biyar ba, amma ya san "idan ka gama wannan zanen" ko "saura wasa ɗaya". Ku faɗa tun da wuri, ku cika alkawari, kuma abin da zai biyo baya ya kasance a shirye. Ku tambaye shi abin da ya zana, ya ba ku labarin kyanwar da ya sa ta yi tsalle. Idan yara biyu ne na'ura ɗaya, ku sa agogon na'urar ya yi ƙara idan lokacin kowa ya cika, sun fi yarda da hukuncin agogo a kan na iyaye. Idan tafiyar dare ce, ku rage haske, ku ajiye allo kamar awa ɗaya kafin lokacin da kuke so ya yi barci.

Mataki na 9: Komawa gida

Da kun isa, ku ajiye na'urar a jaka ta huta, kada ta cinye ziyarar da aka zo yi. Daren da za ku juyo sai ku maimaita mataki na 4 a taƙaice: caji ya cika, fawa banki ya cika, a sa yanayin jirgi a duba ko wani bidiyo ya ƙare wa'adinsa. Ku lura da abin da yaron ya fi so a zuwa. Idan GCompris ce, ku buɗe masa ayyuka masu tauraro ɗaya sama da na da. Idan zane ne, ku ce ya zana mutanen da ya gani da wuraren da aka je. Hotunan da ya ɗauka da kansa ma ku haɗa su wuri guda, ya yi ta dubawa yana ba ku labari a hanya.